Rumfarmu a Madina: tambayoyi da amsoshi kan bikin al'adu da harkokin fasaha a Jami'ar Musulunci

Duk shekara, da zarar sunayen waɗanda aka ɗauka karatu sun fito, sai saƙonni su yi ta shigo mini. Galibinsu a kan biza ne da iƙama (takardar izinin zama) da kuɗin mukafa'a (alawus ɗin ɗalibi na wata-wata) da zafin gari. Amma a ƙarshen saƙo, bayan an gama gaisuwa an yi godiya, wani yakan ƙara layi guda kamar mai jin nauyi: "Ustaz, wai ana yin wani abu a can ban da karatu?" Waɗannan tambayoyi na ƙarshen saƙo su na tattara a nan, na haɗa da wasu da iyaye da masu zuwa Umra suka yi mini. Na amsa su gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina tsayuwa a rumfa.

Jami'ar da aka sani da Shari'a da Hadisi, ina ruwanta da fasaha?

Ka dubi waɗanda ke cikinta, amsar tana nan. An kafa jami'ar a 1961, wato 1381 bayan Hijira, zamanin Sarki Sa'ud, kuma tun ranar farko an gina ta ne domin 'ya'yan Musulmin duniya. Yau ɗalibanta sun fito daga ƙasashe sama da 150. Da Kwalejin Shari'a aka fara, aka bi da ta Da'awa da Usuluddin, da ta Alƙur'ani, da ta Larabci, da ta Hadisi, daga baya aka ƙara injiniyanci da kwamfuta da kimiyya. Ka tara samari haka a gida ɗaya, ɗan Indonesiya yana kwana ɗaki ɗaya da ɗan Bosniya da ɗan Zinder, ai ko hukuma ba ta shirya komai ba al'ada za ta fito da kanta, daga tukunya, daga akwatin tufafi, daga yadda kowa ke rera karatunsa bayan Asuba.

Hukumar kuwa ta shirya. Akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, wanda kowa ke kira Imada, kuma shi ke riƙe da abin da suke ce wa nashaɗ, wato duk wani aiki na wajen aji: gasa, baje koli, tafiye-tafiye, kwasa-kwasan koyon rubutu. Kalmar nan ita ce ta zama "nishaɗi" a bakinmu. A wurinsu aiki ne, a wurinmu jin daɗi, kuma wanda ya shiga ciki zai tarar duka ma'anonin biyu gaskiya ne.

Mene ne wannan Mahrajan da muke gani a bidiyo?

Sunansa Mahrajanus Saƙafat wash Shu'ub, Bikin Al'adu da Al'ummomi. Shi ne taro mafi girma na irin wannan fanni a jami'ar, an kuwa haura shekara goma ana yin sa. Ana kakkafa rumfuna a harabar makaranta, kowace ƙasa da tata, ɗaliban ƙasar su ƙawata ta da kayansu, su sa tufafin gida, su tsaya suna yi wa baƙi bayani. A 'yan shekarun nan ƙasashen da ke shiga sukan kai 90 ko su haura. Gwamnan Madina ne kan buɗe shi, kuma ƙofa a buɗe take ga mutanen gari da iyalansu da maziyarta. Ban da rumfuna akwai dandamali inda ake gabatar da wasanni da waƙe, da ɓangaren abinci da shayi da gahawa, da wurin yara.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne makonnin da ke gabansa: neman katako da yadi, gardama a kan wane hoto za a liƙa, da daren ƙarshe da ba wanda ke runtsawa.

Yaushe ake yi, kuma kwana nawa?

Kamar mako guda yake ɗauka. Ranarsa ba a kafe take ba, tana bin tsarin zangon karatu da azumi. A baya-bayan nan ya zo ne bayan ƙaramar salla. Jami'a takan sanar a shafukanta. Cunkoso na haƙiƙa sai bayan Isha'i.

Akwai rumfar Hausawa?

Babu, domin da tuta ake raba rumfa, ba da harshe ba. A nan ne kuma wani abu ke bayyana wanda a gida ba mu cika lura da shi ba. Ka tsaya a rumfar Najeriya ka yi Hausa, ka taka zuwa ta Nijar ka ci gaba daga inda ka tsaya. A ta Gana ka sami ɗan zangon Kumasi ko na Nima, a ta Kamaru ka sami ɗan Garwa, a ta Chadi da ta Benin da ta Togo haka nan, har ta Sudan ba ka rasa wanda zai amsa maka "lafiya lau". Wani abokina ɗan Maleshiya ya taɓa raka ni zagaye, da muka fito ya tambaye ni ƙasashe nawa ne namu.

Sai dai a kula da hakkin abokan zama. Rumfar Najeriya ta Bayarabe ce da Babarbare da Banufe da Ba'ibo da Bafulatani kamar yadda take tamu, ta Nijar kuma ta Bazabarme ce da Buzu da Batube. Na ga shekarar da hulunanmu da rigunanmu suka cinye bango uku, aka bar sauran ƙabilu da kusurwa guda. Ba wanda ya yi faɗa, amma an ji a jiki. Yawanmu ba hujja ba ce. A raba bango tun a zaman farko, a rubuta, kowa ya san nasa.

Ana kiɗa? Zan iya taho da kalangu?

Bar shi a gida, ƙanena. Wanda ya saba da ranar al'adu a jami'o'in Kano ko Zariya ko Yamai, inda kalangu da kotso da algaita ke cika fili, zai tarar a nan lamarin daban ne. Saudiyya ta canza ƙwarai: an sake buɗe silima a 2018, a shekarar ce kuma aka kafa Ma'aikatar Al'adu, ana manyan wasanni a Riyad da Jidda. Amma wannan jami'a tana da nata yanayi, malamanta da mafi yawan ɗalibanta suna kan ra'ayin kauce wa kayan kiɗa, garin kuma Madina ne. Abin da ya fi yawa a dandamali shi ne murya: nashidi, waƙen gargajiya da ake yi da amshi da tafi, da taku na maza a jere. Duk abin da za a hau da shi sai masu shirya biki sun gani sun amince.

Ni ba fatawa nake bayarwa ba, akwai ma'abotanta a kowane lungu na makarantar. Abin da zan ce kawai, rashin kalangu ya yi mana wata rana da ban zata ba. A gida da an ce "al'ada" sai a kira makaɗa, a yi rawa, a watse, kowa ya ɗauka an gama. Da aka janye mana wannan sanda, dole muka zauna muka tambayi kanmu me kuma muke da shi. Da muka fara lissafi, takarda ta cika ba mu kai rabi ba.

To me kuke nunawa da ke tsayar da mutane?

Allo. Babu abin da ya kai shi tara jama'a, kuma ban taɓa ganin shekarar da ya kasa ba.

Dalili shi ne Madina gari ne na mushafi. Ga Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da aka buɗe a 1984, kuma duk yaron garin ya tashi ne da rubutun Usman Ɗaha, marubucin nan ɗan asalin Siriya, a riwayar Hafsu. Sai ga shi ya zo ya tarar da katako an wanke shi da ruwa, an rubuta aya da alƙalamin kara da tawadar da aka dafa da ƙaro, a riwayar Warshu, da wani hannu mai kauri wanda bai taɓa gani ba. Nan take zai ce an yi kuskure, domin ya ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma da ɗigo ɗaya tak a sama. A nan bayani ke farawa. Sai ka gaya masa haka Magrib da Andalus suka rubuta, daga can hannun ya gangaro ya zauna a Borno da Kano ya yi nasa kamanni, kuma ita kanta cibiyar da ke garinsu tana buga mushafin Warshu. Ka gaya masa Warshu almajirin Nafi'u ne, Nafi'u kuwa shi ne makarancin Madina. Wato karatun garinsu ne ya yi doguwar tafiya ya dawo gida a kan allo. Na ga dattawa sun yi shiru a wannan gaɓa.

Idan da alaramma a cikinku, ku ba shi tabarma da buzu a tsakiyar rumfa ya zauna yana rubutu. Kada a sa shi dogon jawabi, hannunsa ya isa. A ajiye allon zayyana irin na sauka a gefe, da mushafi warwara cikin tadarishi da gafaka, a bayyana cewa mahaddatanmu sukan rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ba tare da duba wani kwafi ba. A tanadi ƙananan alluna ko kati mai kauri domin rubuta wa yara sunayensu. Layin yakan kai har rumfar maƙwabta.

Bayan allo sai ajami. Balarabe zai ɗauki takarda, ya ga haruffansa ne sarai, ya buɗe baki ya kasa karantawa. Sai ka karanta masa da Hausa. Daga nan a shiga wasan kalmomi: ka ce "alƙalami", "albasa", "aljihu", "allura", "almakashi", "alkama", ka bar shi ya gano asalin kowace a harshensa. "Littafi" ce takan ba su wuya kafin su hango "alkitab" a cikinta. In ya yi dariyar yadda muka lanƙwasa kalmominsu, sai ka ba shi ƙa da ɗa da ɓa da tsa ya furta, ya ɗanɗani abin da muka sha a hannun ainun da ladun.

Sai tufafi da fata. Babbar riga mai aska takwas, a juya ta a nuna bayan ɗinkin domin a san hannu ne ya yi, watanni aka ɗauka. Saƙi, da baƙin rini mai ƙyalli na Kura irin wanda Buzaye ke naɗawa, da hoton marinar Ƙofar Mata. Jakar fatar jan akuyar Sakkwato, wadda ta bi ayari ta ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Hoton hawan salla ma yana da amfani, musamman yanzu da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, jerin da rawar Arda ta Najdu ta shiga tun 2015. Mutanen nan masu son doki ne, sukan daɗe a gaban hoton lifidi.

Ni mai son waƙa ne. Akwai fagena?

Akwai, kuma mai faɗi. Larabawa ba su ɗauki waƙa abin wasa ba. Saudiyya ma ta keɓe shekarar 2023 sukutum ta kira ta shekarar waƙar Larabci. Ana gasar rubuta ƙasida, ana gasar iya karanta ta a gaban jama'a, ana kuma musajala. Ita musajala kokawa ce ta hadda: na kawo baiti, kai kuma ka kawo wanda ya fara da harafin da nawa ya ƙare da shi, a yi ta yi har wani ya ƙafe. Yaran da suka taso a zaure suka haddace Ishiriniya da waƙoƙin Jahiliyya sukan ba da mamaki a nan, ko da yake a gwabza da 'yan Muritaniya sai an shirya.

Ga mai rubuta waƙar Hausa kuwa, darasin aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, zai zame masa kamar an kunna fitila a ɗakin da ya daɗe yana kwana a ciki. Karuruwan nan 16 da ake koyarwa, 15 na Halilu ɗan Ahmad da ɗaya da aka jingina wa Ahfash, da dama daga cikinsu su ne rubutattun waƙoƙinmu suka hau tun zamanin masu jihadi. Ƙwar biyar ɗinmu ita ce tahamisi, amsa-amo shi ne ƙafiya. Ka iya tsayawa ka rera baitin Hausa, ka bi shi da na Larabci a kari ɗaya, mai sauraro ya ji sun hau turba guda ko bai san Hausa ba.

Akwai kuma abin da ba na so a manta da shi a garin nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun yana saurayi ya yi ƙasida ta begen zuwa Ɗaiba, wato Madina, kuma har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da zuwa ba. Ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u duk mawaƙa ne, ita har cikin harsuna uku: Larabci da Fulatanci da Hausa. Duk ɗalibin da ya taka ƙasar da Shehu ya yi begenta, ya kamata ya iya ba da wannan labari tsaf da Larabci mai kyau.

Shawara guda: in madahu za ka rera, ka nuna wa wani malami baitocin tukuna. Ana tace lafazi sosai a nan kan abin da ake ganin wuce iyaka ne, kuma gara a gyara maka a ɗaki da a tsayar da kai a dandamali.

Me zan sa a jaka tun daga gida?

Tunda ana ba ɗalibi tikitin zuwa gida a dogon hutu, a raba kayan tsakanin masu dawowa. Allo biyu ko uku, alƙaluma, tawada busasshiya, riga guda ta kirki da huluna iri-iri, zanna bukar da kube da haɓar kada, ƙwarya mai zane, faifai, ludayi, ɗan adudu. Abu kaɗan mai kyau ya fi tarkace. Kada ka sako goro: hukumomin alhazai sun sha gargaɗi cewa an hana shiga da shi. Kada kuma ka karɓi ƙullin da ba ka kwance ka gani da idonka ba, ko wane ne ya ba ka.

Abinci fa?

Yana cikin abin da ya fi ci da wuri. Masa, ƙosai, dambun nama, alkaki, zoɓo, kunun aya, fura in an sami gero. Kayan miyarmu ba su gagara a unguwannin da 'yan Afirka suka yi yawa a Makka da Jidda da Madina, har kuka da daddawa. Ka rage yaji, ka rubuta a kati in akwai gyaɗa a cikin abu domin masu rashin jituwa da ita, ka bi ƙa'idar tsafta da aka gindaya ba tare da gardama ba.

In ka gasa tsire, kada ka yi mamaki in Bahijaze ya ce ya san shi. Suna da shi, suna kiransa siriya, mutanenmu ne suka kawo shi. A Sudan kuma agashe ake ce masa. Wannan kaɗai ya isa buɗe hirar rabin sa'a.

Hausawan da aka haifa a Saudiyya suna zuwa?

Suna zuwa, kuma a wurina su ne manyan baƙi. Kafin jirgin sama, kakanninmu da ƙafa suke tahowa, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, tafiyar shekaru, ana noma a hanya ana haihuwa. Bayan yaƙin Burmi a 1903 wani babban ayari ya yi gabas. Da yawa suka tsaya a Sudan suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu suka ƙaraso Hijaz. Jikokinsu ne masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Ka san su a fagen ƙwallo, irin su Usama Hausawi da ya yi kyaftin ɗin ƙasar. A fagen ilimi kuma akwai Shaikh Umar Fallata, wanda ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi, ya kuma riƙe muƙamin babban sakataren wannan jami'a.

Wata shekara wani magidanci ya turo mahaifiyarsa a keken guragu har gaban rumfarmu. Shi Larabci kawai yake yi. Ita ta miƙa hannu ta ɗauki faifai, ta jujjuya shi, ta ce da ni da wata Hausa tsohuwa mai daɗi: "Ɗan nan, wa ya saƙa wannan?" Na durƙusa na ce, "Iya, daga Katsina aka kawo shi." Ta ce uwarta tana da irinsa, da shi take rufe ƙwaryar fura a Makka. Muka ba ta shi. Ɗan ya so ya biya, muka ƙi.

Don haka a kiyaye harshe. Kalmar "takari" da ake jifan mutane da ita a gida ba ta da wuri a rumfa. Wanda ya zo yana lalubar Hausar kakarsa, kada a yi masa dariya, kada a tambaye shi takardunsa ko asalinsa fiye da abin da ya faɗa da kansa. Ɗan ƙasa ne a ƙasarsu, ɗan'uwa ne a wurinmu, duka biyun.

Har yanzu ina Ma'ahad, Larabcina bai nuna ba. In bari sai baɗi?

A'a, bana za ka fara. Ma'ahad, wato cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, tana ba ka nahawu, rumfa kuma tana ba ka mutane. A dare guda za ka maimaita bayani ɗaya sau hamsin, ga yaro, ga dattijo, ga malamin jami'a, kuma za ka ji karin Hijaz da ba a koyarwa a aji. Haddace jumla goma kan abu guda, ka tsaya kusa da shi. Sauran ka bar wa manya.

Ni uwa ce. Karatu na tura ɗana. Wannan ba shagala ba ce?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, damuwarku a kan hanya take. Akwai yaran da shiri ke ɗauke wa hankali har su yi sakaci da halarta, jami'ar kuwa ba ta wasa da yawan fashi. Wanda ya wuce iyaka ana hana shi jarrabawar darasin. In kun ji yana cewa ya bar aji ko ya bar zaman karatu na Masallacin Annabi saboda rumfa, ku ja masa kunne, mu ma muna ja.

Amma ku duba abin da ake shirya shi ya zama. Gobe zai koma gida ya hau mumbari ko ya tsaya gaban aji. Malaman da kuke saurare waɗanda suka fito daga nan, irin su marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, ilimi ne ya ɗaga su, amma Hausar da ke bakinsu ce ta kai ilimin cikin gidaje. Yaron da ya shekara shida ko bakwai a waje, bai taɓa zama ya yi tunanin harshensa da mutanensa ba, yakan dawo yana ganin komai na gida kuskure ne. Wanda ya tsaya ya bayyana wa baƙo allon kakansa da daraja, da wuya ya dawo yana raina tsangayar unguwarku. Mako guda ne a shekara, Hajiya.

Mata suna da wuri?

A matsayin baƙi, sosai: iyalai suna shiga, kuma matan ɗalibai masu aure su ne ƙashin bayan ɓangaren abinci, ko da yake ba a cika ambatonsu ba, abin da ya kamata a gyara. Tsayuwa a rumfa kuwa ta ɗaliban jami'ar ce, su kuma galibinsu maza ne. 'Yan'uwa mata da ke karatu a Ummul Ƙura a Makka, ko Jami'ar Ɗaiba a nan Madina, ko Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad, suna da nasu harkokin a sassansu.

Ina so in koyi rubutun Larabci na ado. Ta ina zan fara?

Da ruƙ'a, domin shi ne hannun yau da kullum kuma ya fi sauƙi. Sai nasahi, wanda ake rubuta mushafi da shi. Sulusi da diwani sai hannu ya zauna. Ana auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalami, ƙa'idar da ake dangantawa da Ibn Muƙla na Bagadaza, kuma za ka shafe makonni a kan alifi da ba'un kaɗai. Ka sa ido a allon sanarwa na Imada domin kwasa-kwasai, ka kuma nemi ɗalibai 'yan Turkiyya ko Indonesiya ko Pakistan, akwai gwanaye a cikinsu da ke koyarwa a ɗakunansu.

Roƙona ɗaya: in kana da hannun tsangaya, kada ka yar da shi don ka koyi nasahi. Masu nasahi a duniya ba su ƙirguwa. Masu irin hannunka kullum raguwa suke yi.

In Mahrajan ya wuce, shi ke nan sai wata shekara?

Ina! Akwai gasar haddar Alƙur'ani da ta Hadisi da ta mutun, akwai ranar harshen Larabci a 18 ga Disamba, da ranar kafuwar daula a 22 ga Fabrairu, da ranar ƙasa a 23 ga Satumba. Tun 2022 ake baje kolin littattafai na Madina, inda mukafa'ar wata guda kan ƙare a wuni ɗaya. A cikin gari ka je tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz a Ambariyya, wadda jirgi ya iso a 1908, yanzu gidan tarihi ce. Ka ziyarci cibiyar buga Alƙur'ani, ka nemi tarjamar Hausa ta Shaikh Abubakar Gumi da suka buga. Ranar Hausa ta Duniya kuwa, 26 ga Agusta, takan faɗo daidai lokacin da ake dawowa daga hutu, sai dai a yi ta a ɗaki da shayi da karin magana.

Akwai abin da zai iya jawo mini matsala?

Uku ne suka fi kama sababbi. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, musamman mata da yara, laifi ne da ake cin tara a kansa. Tara kuɗi daga jama'a ba da lasisi ba haramun ne a dokar ƙasar, don haka karo-karon rumfa ya tsaya tsakaninku, kada a sa asusu ko a yi shela a intanet. Sannan kowane taro sai da izinin Imada. Siyasar gida da rigimar ƙungiyoyin addini kuma a bar su a filin jirgi. Taswira ma a duba ta da kyau kafin a liƙa.

A Sudan na fara karatu, yaƙi ya taso mu. Zan sami irin abin da na saba?

Sannu da wannan jarrabawa, ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Waɗanda suka zauna a Jami'ar Afirka ta Duniya a Khartum kafin 15 ga Afrilun 2023 sun san wani irin zama na daban, inda ƙungiyoyin ɗalibai na kowace ƙasa ke da ƙarfi, maza da mata duk suna karatu, ga Hausawan Sudan a kasuwa da unguwa kamar kana gida. A nan komai ya fi tsari da taka-tsantsan, ba za ka sami wancan sakewar ba. Amma kai ne muka fi buƙata, domin ka san yadda ake tsara mako na al'adu, ka iya Larabcin titi, kuma ka san labarin Mai Wurno da Gadarif da Kasala da idonka, abin da yawancinmu a littafi muka karanta. Ka je rumfar Sudan ka gaishe su, sannan ka dawo tamu ka karɓi bango guda ka yi mana taswirar tsohuwar hanyar alhazai.

In an tashi, ina kayan ke zuwa?

Nan ne muka fi yin asara. Shekara da shekaru ana gama biki kowa ya ɗauki abin da ya kawo, mai kammala karatu ya tafi da rigar, wani ya kyautar da allon, baɗi a sake farawa daga babu. Yanzu abin da muke yi shi ne akwati guda na ƙarfe da littafi a cikinsa. Duk abin da aka bayar domin rumfa a rubuta shi, da sunan garin da ya fito da bayaninsa da Hausa da Larabci. Mai riƙe da makulli ya kasance yana da aƙalla shekara biyu a gaba kafin ya gama, kuma ya damƙa shi a gaban shaidu biyu kafin ya yi bizar fita. Tufafi a sa musu kanumfari saboda asu, fata a shafe ta da mai domin iskar Madina busasshiya ce tana tsattsaga ta, tawada kuma a bar ta a bushe, sai ana saura kwana biyu a jiƙa.